Ɗauke Lambar WhatsApp ta Kasuwanci Daga Wani Asusu Zuwa Wani

"Assalamu alaikum Malam. Ina harkar rarraba kayan masarufi a Kano, kuma kusan shekara biyu ke nan da wani kamfani ya ɗora mana lambar ofishinmu a kan tsarin WhatsApp na manyan 'yan kasuwa, wanda ma'aikata da yawa ke amsa saƙo daga kwamfuta da lamba ɗaya. Yanzu kuɗin da suke karɓa ya yi mana yawa, mun sami wani kamfanin da muke so mu koma wurinsa. Wani yaro a ofis ya ce sai mun goge lambar daga tsohon asusu mu sake yi mata rajista, wani kuma ya ce idan muka goge shi ke nan mun rasa komai. Lambar nan tana jikin motocinmu da rasiɗanmu, ita duk abokan cinikinmu suka sani. Shin ana iya ɗauke ta daga wannan asusu zuwa wancan? Me za mu rasa, kuma kwana nawa za mu yi ba ma aiki?"

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Idan na fahimce ka daidai, kana so ka rabu da kamfanin da ke tsakaninka da Meta, wato kamfanin da ya mallaki WhatsApp, amma lambar da mutane suka san ka da ita ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Wannan abu ne mai yiwuwa, Meta da kanta ta tanadi hanyarsa, kuma idan an shirya da kyau ba kwana za ku yi ba ku aiki ba, ko awa ɗaya ba lallai ku rasa ba. Sai dai tun kafin mu yi nisa, ka hana yaran ofis goge lambar. Gogewa da ƙaura abubuwa biyu ne daban. Wanda ya goge lamba ya sake yi mata rajista, ya dawo ne a matsayin baƙo, za a sake duba sunansa, tarihin ingancinsa kuma ya tafi. Ban da haka, Meta ba ta barin a goge lambar da ta aika saƙon da ake biya wa kuɗi a cikin kwana 30 da suka wuce, don haka mai bin wannan hanya zai iya samun kansa yana zaman jiran wata guda ba tare da ya aika wa kowa sanarwa ba.

Akwai kuma wani ruɗani da nake yawan ji. Wannan ƙaura ba ita ce sauya kamfanin layi ba, irin wadda aka fara a Najeriya a watan Afrilun 2013, inda mutum ke barin MTN ya koma Airtel ko Glo da lambarsa. A nan sim ɗinka yana nan a kamfanin da yake. Abin da ke motsi shi ne rajistar lambar a cikin littattafan Meta.

Yadda ginin yake

Tsarin da kake kai ya fara ne a shekarar 2018, kuma a farkonsa kowane kamfani ko dillalinsa shi ke ajiye manhajar a kan sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke gudanar da ita. A watan Mayun 2022 Meta ta buɗe Cloud API ga kowa, wato manhajar ta koma kan sabobin Meta, sannan a watan Oktoban 2025 aka rufe tsohon tsarin gaba ɗaya. Tunda shekara biyu ke nan da haɗa ku kuma har yau kuna aiki, lambarka tana kan Cloud API, kuma wannan ya sauƙaƙa maka aiki sosai, domin ƙaura daga asusu zuwa asusu ba ta buƙatar a kwashe komai daga wata na'ura zuwa wata.

Ginin hawa-hawa ne. A sama akwai babban asusun kasuwanci na Meta, wanda ake shiga ta Meta Business Suite, kuma shi ne ake tantancewa da takardun rajistar kamfani, irin na hukumar CAC a nan gida. Zan riƙa kiransa uwar asusu. A ƙarƙashinta akwai asusun WhatsApp na kasuwanci, inda samfuran saƙo (rubutattun saƙonnin da Meta ta amince da su) da hanyar biyan kuɗi suke. A ƙarƙashin wannan kuma sai lambar waya. Dillali, wato kamfanin da kake biya, yana gefe ne: an ba shi izinin shiga asusun WhatsApp ɗin domin manhajarsa ta aika saƙo ta karɓa a madadinka. Asusun WhatsApp ba ya tashi daga wata uwar asusu ya koma wata, a inda aka haife shi nan yake zama. Lamba ce kaɗai ke iya ƙaura, shi ya sa duk maganar ta rataya a kanta.

Mai karatu zai iya tambaya: tunda dillali izini kawai aka ba shi, me zai hana a janye izinin a ba sabon dillali, ba tare da an motsa lamba ba? Wani lokaci hakan ake yi, kuma shi ne mafi sauƙi idan katinka ne ke biyan Meta kai tsaye. Amma yawancin 'yan kasuwarmu ba haka suke ba. Meta na cajin saƙonni da kuɗin waje, kuma wahalar biya da katin naira ta sa da yawa suka zaɓi dillalin da ke da layin bashi a wurin Meta, shi ya biya, su kuma su biya shi. Layin bashin nan idan aka manna shi a jikin asusun WhatsApp, ba a cire shi a maye gurbinsa da na wani dillali. Haka ma nau'in kuɗin da aka zaɓa wa asusun tun farko, ba a sauya shi. Saboda haka sabon dillali zai buɗe maka sabon asusun WhatsApp mai ɗauke da nasa layin bashin, sannan a ɗauko lambar a kawo ta ciki.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci

A aikin da na yi wa 'yan kasuwa da makarantu da shagunan magani, ban taɓa ganin ƙaura ta tsaya saboda wahalar fasaha ba. Kullum abin da ke tsayar da ita shi ne mallaka. Don haka kafin ka sa hannu a wata sabuwar yarjejeniya, ka sa a buɗe Meta Business Suite a gabanka, a shiga saituna, a duba sunan uwar asusun da ke riƙe da asusun WhatsApp ɗinka, a kuma duba su wane ne ke da cikakken iko a kanta. Idan sunan kamfaninka ne, kuma kai ko amintaccenka kuna cikin masu cikakken iko, to ka huta, sauran aikin na yini ɗaya ne. Sabon dillali zai ba ka mahaɗin rajistarsa, ka shiga da asusunka na Facebook, ka zaɓi wannan uwar asusu ɗin dai, kada ka buɗe sabuwa, a ƙirƙiri sabon asusun WhatsApp a ƙarƙashinta.

Na nanata zaɓen uwar asusu ɗaya ne saboda dalili. Tantancewar da aka yi wa kamfaninka a jikinta take. Sannan tun watan Oktoban 2025 iyakar mutanen da za ka iya fara aika wa saƙo a cikin awa 24 ta tashi daga kan lamba ta koma kan uwar asusu baki ɗaya. Matakan su ne 250, sai 2,000, sai 10,000, sai 100,000, sai kuma babu iyaka. Mai rarraba kaya da ke sanar da diloli dubu uku sabon farashin shinkafa da safe, idan ya tsinci kansa a sabuwar uwar asusu da ba a tantance ba, yana kan matakin 250, zai san ya yi asara tun kafin azahar.

Idan kuwa aka duba aka ga uwar asusun ta dillali ce, ko ta wani matashi mai haɗa manhaja da ya yi muku aikin da asusunsa na kansa, to magana ta canza, kuma zan dawo kanta a ƙasa.

Sim da lambar sirri

Bayan mallakar asusu, sai sim. Wannan shi ne abin da mutane suka fi mantawa, domin da zarar an yi wa lamba rajista a Cloud API, sim ɗin ba shi da sauran aiki a wurin aika saƙo. Ana cire shi a jefa a durowa, shekara ta zagayo babu wanda ya tuna da shi. Amma ranar ƙaura Meta za ta aiko da lambar tabbatarwa mai alƙaluma 6 zuwa wannan layi, ta tes ko ta kiran murya, kuma babu wata hanyar kewaye wannan mataki. Layin da ya daɗe ba a sa masa kati ba, ba a kira da shi ba, kamfanonin waya na rufe shi, daga baya su sake sayar da lambar ga wani. Ga kuma dokar haɗa layi da lambar NIN da aka fara a ƙarshen 2020, wadda ta sa aka toshe layuka masu yawa.

Na taɓa yi wa wata makaranta mai zaman kanta wannan aiki, komai ya kammala, muka danna a aiko da lambar tabbatarwa, sai aka fara kallon juna. Sim ɗin da sunan wani tsohon akawu aka yi masa rajista, shi kuma ya bar aiki ya koma garinsu. Sai da aka neme shi, aka lallashe shi, ya je ofishin kamfanin waya da kansa aka yi walkam-bak, sannan aikin minti goma ya yiwu bayan mako biyu. Tun daga ranar, abu na farko da nake cewa a yi shi ne a nemo sim, a sa shi a waya, a kira shi daga wata wayar, a tura masa tes a ga ya shiga. Ka yi haka yau, Alhaji, ko da ƙaurar sai wata mai zuwa. Ka kuma bincika da NIN ɗin wa aka haɗa layin. Idan lambar ta tebur ce mai na'urar amsa kira da kanta, wadda ke cewa a danna ɗaya ko biyu, sai an kashe na'urar na ɗan lokaci domin mutum ya ɗauki kiran ya ji alƙaluman.

Sai tabbatarwa mai mataki biyu. Kowace lamba a wannan tsari tana da lambar sirri mai alƙaluma 6 da aka sa mata ranar rajista, kuma sau da yawa dillali ne ya sa ta ba tare da ya gaya wa mai kasuwa ba. Dole a kashe ta kafin ƙaura, in ba haka ba Meta za ta ƙi sakin lambar. Ana kashe ta daga WhatsApp Manager, wato shafin Meta na kula da asusun WhatsApp, a saitunan lambar, sannan Meta ta aika saƙon tabbatarwa zuwa imel ɗin da ke jikin asusun. Wanda uwar asusu ke hannunsa zai iya yin wannan da kansa, amma ya tabbata yana iya buɗe wancan imel ɗin. Sauran sharuɗɗan ba su da wuya: an amince da sunan da ke bayyana wa abokan ciniki, babu buƙatar sauya suna da ke jiran amsa, kuma asusun biyu na kasuwanci ɗaya ne, da hanyar biya mai aiki.

Abin da zai biyo lambar da abin da zai zauna

Sunan kasuwancinka zai biyo ta, haka makin ingancinta, wato kore ko rawaya ko ja da Meta ke ba lamba gwargwadon yadda mutane ke toshe ta ko kai ƙararta. Alamar tantancewa da ke gefen suna, ga wanda yake da ita, ita ma tana biyowa. Abokan cinikinka ba za su ga wata sanarwa ba, kuma hirarrakin da ke cikin wayoyinsu suna nan yadda suke.

Samfuran saƙo, wato rubutattun saƙonnin da Meta ta amince a fara magana da su, kamar sanarwar isowar kaya ko tunin bashi, ana kwafe su ne zuwa sabon asusu, amma ba duka ba. Waɗanda aka amince da su kuma makinsu kore ne kaɗai ake kwafewa. Wanda aka ƙi, da wanda ke jiran amsa, da wanda makinsa ya faɗi, duk sai an sake rubuta su an miƙa. Waɗanda aka kwafe ma sukan fara ne ba tare da maki ba, sai an yi amfani da su sannan a auna su, kuma ana sake duba su bisa ƙa'idojin yau, don haka samfurin da ya wuce shekara biyu baya zai iya faɗuwa yanzu, ko a mayar da shi rukunin talla. Wannan na ƙarshe ya shafi aljihu, domin tun 1 ga Yulin 2025 Meta na caji ne saƙo-saƙo a kan saƙonnin samfuri da suka isa, kuma na talla ya fi na hidimar ciniki tsada. Shawarata ita ce a kwafe rubutun kowane samfuri a ajiye a takarda ɗaya kafin a taɓa komai. Kundin kaya mai hotuna da farashi, da fom-fom na WhatsApp Flows idan kuna amfani da su, ba sa bin lamba da kansu, sai an sake haɗa su.

Babbar asarar da ya kamata ka shirya mata ita ce tarihin hira. Meta ba ma'ajiyar hirarrakinku ba ce, saƙo ba ya wuce kwana 30 a sabobinta. Duk abin da ma'aikatanka ke gani a allon kwamfuta, wane ya yi odar katan nawa, wane ya turo hoton rasiɗin banki, wane ya yi alkawarin biya ranar Juma'a, yana cikin rumbun tsohon dillali ne. Ranar da yarjejeniya ta ƙare, ƙofar na iya rufewa. Ga mai ba da kaya bashi, waɗannan hirarraki shaida ce, ba labari ba. Ka nemi a fitar maka da jerin lambobin abokan ciniki, da tarihin hira, da hotuna da takardu, tun kana cikin masu biya ana ganin mutuncinka. Kada a manta da jerin waɗanda suka ce a daina aiko musu da saƙo, domin idan sabon tsari ya ci gaba da damunsu, za su toshe lambar, makinta ya faɗi, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin janye yardarsa.

Ranar ƙaura

Ainihin aikin gajere ne. Sabon dillali zai nemi a shigar da lambar cikin sabon asusu, da alamar cewa ƙaura ce, ba sabuwar rajista ba. Ana rubuta ta da 234 a gaba, a cire sifilin farko. Sai a nemi lambar tabbatarwa, a karanto ta daga sim, a shigar, sannan a yi rajista da sabuwar lambar sirri. Har zuwa wannan mataki na ƙarshe tsohon tsari na ci gaba da aiki, kuma da zarar rajista ta kammala saƙonni sun koma sabon gida. Saƙon da aka aika kafin wannan lokaci tsohon asusu ne zai biya, na bayansa kuma sabon. Idan wani mataki ya ƙi, kada a yi ta dannawa, domin neman rajista yana da iyaka, sau 10 a cikin awa 72, kuma wanda ya ƙure ta sai ya jira.

Inda tsaiko ke fitowa shi ne a manhajojinku. Lambar wayar ba ta canza ba, amma lambar shaidarta ta cikin tsarin Meta ta canza, ta asusun ma ta canza, mabuɗin shiga ya canza. Idan manhajar lissafinku ce ke tura rasiɗi da kanta, sai an sabunta mata waɗannan. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne adireshin da Meta ke tura saƙonni masu shigowa: idan ba a haɗa manhajar sabon dillali da sabon asusu ba, ku za ku iya aikawa, amma amsar mutane ba za ta iso gare ku ba, kuma babu wata ƙararrawa da za ta buga. Don haka gwajin da nake yi ba aikawa ba ce kawai, sai na ɗauki wata waya na turo saƙo, da hoto, da murya, na ga sun bayyana a allon. Game da lokaci, na fi son a yi da daddare bayan an rufe kasuwa, a tsakiyar mako, lokacin da ma'aikatan dillalan biyu ke samuwa washegari. Ban da jajiberin azumi ko makon Sallah, lokacin da oda ke yi muku ruwa. Kada kuma a soke tsohuwar yarjejeniya sai sabon tsari ya yi kwanaki yana tafiya lafiya. Biyan wata guda sau biyu ya fi arha a kan ranar kasuwa ɗaya babu saƙo.

Idan asusun ba a hannunka yake ba

A da akwai tsarin da dillali ke buɗe asusun WhatsApp a madadin abokin cinikinsa ya riƙe mallakarsa, kuma Meta ta dakatar da shi a 2025, amma har yanzu ina haɗuwa da lambobin da ke zaune a uwar asusun wani. A irin wannan hali sim yana hannunka, amma makullin lambar sirri yana hannunsu, kuma ƙaura ba za ta yiwu ba sai sun kashe ta. Kamfanonin da suka san aikinsu sukan yi haka idan aka rubuta musu, musamman idan babu bashi a tsakani, saboda haka ka fara da biyan duk abin da suke binka, sannan ka rubuta wasiƙa a takardar kamfaninka, ka faɗi lambar, ka faɗi ranar da kake so a kashe tabbatarwar. A lokaci guda ka buɗe uwar asusu da sunan kamfaninka, ka miƙa takardu a tantance ta, domin wannan kan ɗauki kwanaki, kuma sai ta tsaya da ƙafarta za a kawo mata lamba.

Idan suka ƙi ko suka yi shiru, sabon dillalinka na da hanyar shigar da ƙorafi wurin Meta, kuma takardun kamfani da shaidar mallakar layi su ne makamanka. Ba zan yi maka alkawarin sauri a wannan hanya ba. A nan ne kuma shawarata ta tsaya: ban ga asusunka ba, ban karanta yarjejeniyar da ka sa wa hannu ba, kuma idan akwai sharaɗin wa'adi ko tarar fita da wuri a cikinta, aikin lauya ne ya duba maka. Meta ma kan sauya sharuɗɗanta daga lokaci zuwa lokaci, don haka ka sa sabon dillali ya rubuto maka matakan da zai bi a ranar, ka kwatanta da abin da na zayyana. A sabuwar yarjejeniyar kuwa, ka sa a rubuta ƙarara cewa uwar asusu da asusun WhatsApp da lambar duk na kamfaninka ne, cewa za a ba ka tarihin hira duk lokacin da ka nema, kuma lambar sirrin da za a sa ranar rajista kai za ka zaɓe ta. Sim ɗin kuma a mayar da rajistarsa kan sunan kamfani ko naka, a bar shi a wata ƙaramar waya a ofis, a riƙa sa masa kati ana kira da shi ko sau ɗaya ne a wata.